Yadda za ka koya wa yara tafiya tsakanin duniyoyi da igiya, toka da ƙwayar gero

Da dogon hutu ɗan ƙanwata da ke aure a Matamaye ya zo mana Daura, ya taho da littafinsa na lakwal, wato makarantar bokon Nijar, a cikin jakar leda. Wani dare bayan an ci tuwo ya buɗe shi a kan tabarma, ya haska da fitilar waya, ya ɗora yatsa a kan wata kalma. Ya ce, "Kawu, mushe ya ce mu nemo ma'anar wannan da harshenmu, mu zo da misali." Kalmar ita ce astronautique. Ni kimiyya nake koyarwa a ƙaramar sakandare, Faransancina kuwa bai wuce na gaisuwa a bakin iyakar Kongolam ba, amma kalmar ba baƙuwata ba ce. Na ce masa, "Rubuta: tafiya sama da kumbo." Ya rubuta. Sai ya ɗago kai ya ce, "To Kawu, in za a je Mars, saitinta ake yi a miƙe har a isa?" Na ce e, don barci nake ji.

Na kwanta abin yana cina, don na san amsar banza na ba yaro. Washegari na ɗauki igiyar shanyar gidan da tef ɗin wani magini maƙwabcina, muka fita fili. Abin da muka yi ranar shi na riƙa gyarawa har ya zama darasin da nake yi wa ɗalibaina, kuma shi zan shimfiɗa maka a nan. Ba ya cin kuɗi. Yana cin awa biyu da rigar da ba ka tsoron ta yi toka.

Ka fara da kalmar, amma kada ka daɗe a kanta

Gida biyu gare ta. Astro daga Girkanci yake, ma'anarsa tauraro. Nautique kuwa duk abin da ya shafi tuƙin jirgin ruwa ne. An ƙera ta ne a kan ƙirar aéronautique, wato ilimin jirgin sama. Wani marubucin ƙagaggun labarai da ake kira J.-H. Rosny babba ne ya kawo ta a 1927, injiniya Robert Esnault-Pelterie kuma ya ɗauke ta ya yi mata gata, har ya sa ta sunan littafinsa a 1930. Shi da wani mai banki, André Hirsch, sun kafa kyauta don masu bincike a wannan fanni, Hermann Oberth ne ya fara cin ta a 1929. Ka sa yara su yi lissafin nan da kansu: Sputnik, abu na farko da ɗan adam ya harba ya kewaya duniya, sai 4 ga Oktoba 1957 ya tashi. Shekara 30 ke nan bayan kalmar. An raɗa wa jariri suna tun ba a yi cikinsa ba. Shi Esnault-Pelterie ya rasa yatsu a gwajin makamashin roka a 1931, ya kuma rasu a Disamba 1957, wata biyu bayan Sputnik.

Abin da nake so yara su riƙe daga kalmar shi ne tuƙin nan. Mu nan ba mu da kogi mai fito, saboda haka nakan tambaye su wa ya taɓa harbin kurciya da danƙo tana cikin tashi. Kullum akan sami biyu ko uku. Ka tambaye su ina suke saiti. Za su ce maka gabanta. Ka ce su riƙe wannan amsar, za a neme ta nan gaba.

Kayan da za ka tara

Ƙwallon ƙafa ɗaya, irin wadda manya ke bugawa. Ƙwayar gero biyu, irin alayyafo kaɗan, ɗinya biyu, wake biyu. Kwali da gam ko salatif. Tef ɗin magini, igiya da ta haura mita 20, turaku biyu, toka rabin bokiti, gwangwanin madara da sanda, balan-balan, zare da tsinken shan lemo. Ka zaɓi safiya ko bayan la'asar. In hunturu ne kuma iska na kaɗawa, ka yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka zuba toka, in ba haka ba kafin ka gama da'ira ta biyu ta farko ta bi iska.

Kowace ƙwaya ka manna ta a kwali ka rubuta sunanta. Da bakin wanda ya ji jiki nake faɗin wannan. Karon farko a ƙasa na ajiye geron, na juya ina auna nisan Mars, sai na ji ihu a bayana: "Malam, kaza ta cinye duniya!" Darasin ranar bai ƙara daidaituwa ba.

Fili na farko: girma da nisa

Ka ajiye ƙwallon a ƙarshen fili, ita ce rana. Faɗin rana na gaskiya ya kusa kilomita miliyan 1.4, ƙwallo kuma santimita 22 ce, to a kan wannan ma'auni komai zai tafi. Ka auna mita 9 ka ajiye irin alayyafo, Uɗarid ke nan, duniyar da ta fi kusa da rana. Mita 17, ƙwayar gero, Zara. A nan nakan tsaya in gaya musu cewa Zara matar wata da suke gani da magariba da Gamzaki na asuba abu ɗaya ne, duniya ce mai kewaya rana kamar tamu, tana fitowa wani lokaci yamma wani lokaci gabas. Mita 24, ɗaya ƙwayar geron, ita ce duniyarmu, da Daura da Makka da tekuna duka a jikinta. Mita 36, irin alayyafo, Mars, wadda malamanmu na ilimin falaki ke kira Mirrihi.

Daga nan fili zai ƙare maka. Mushtari ɗinya ce a mita 123. Zuhal ƙaramar ɗinya a mita 226. Uranus wake a mita 454, Neptun wake a mita 710. Ba sai ka auna waɗannan da tef ba. Ka tura yaro ɗaya da ɗinyar Mushtari ya ƙirga taku har ya zama ɗan mitsitsi a idonku, sauran kuma ka nuna da hannu: Zuhal tana wajen bishiyar can, Neptun ta wuce gidan mai.

Ka dawo da su kan geron duniya, ku durƙusa. A nan darasin yake da daɗi, kada ka yi gaggawa. Ka ɗiga ɗigon biro a kwalin, santimita 6 daga geron, faɗin yatsu uku ko huɗu. Wata ke nan, kilomita 384,400 a zahiri. 'Yan sama jannatin Apollo 11 kwana uku suka yi a hanya a 1969, abin da ya girgiza duniya har Shata, wanda kabarinsa ke nan Daura, ya yi wa kumbon waƙa. Mutum 12 ne suka taka wata tsakanin 1969 da 1972. Iyakar inda ɗan adam ya taɓa kai ƙafarsa ke nan, faɗin yatsu huɗu. Sannan ka nuna musu irin alayyafon Mars can mita 12 gaba, ka bar su su yi shiru.

Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, da ake nuna mutane na shawagi a cikinta, kilomita 400 take a sama. A ma'auninmu kaurin gashi ɗaya ne daga fatar geron. Tauraron ɗan adam na farko na Najeriya, NigeriaSat-1, da aka harba daga Rasha a 2003, bai wuce kaurin gashi biyu ba. Inda aka yarda sararin samaniya ya fara, kilomita 100 ne sama da kanmu. Daga Daura, sama ta fi Kano kusa. Yara ba sa yarda da wannan sai ka maimaita.

Fili na biyu: tseren da ba a miƙewa

Wannan shi ne ainihin aikin, kuma shi ne amsar tambayar ɗan ƙanwata. Ka manta da ma'aunin farko, za mu ƙanƙance fili don ya ishe mu.

Ka kafa turke a tsakiya, ka ɗora ƙwallon kusa da shi. Ka ɗaura igiya, ka auna mita 8, yaro ɗaya ya ja ta ya kewaya yana zana ƙasa da sanda, wani na bin sa da toka. Hanyar duniya ke nan. Ka sake auna mita 12 ka zana ta biyu, hanyar Mars. Hanyoyin gaskiya ba da'ira ce cif ba, musamman ta Mars, amma wannan ya isa. Ka raba ta ciki gida 12, kowane gida wata ɗaya, tazarar mita 4.2 ke nan tsakanin alama da alama. Shekarar Mars kwana 687 ce, kusan wata 23, to ka raba ta waje gida 23, tazarar mita 3.3. Ka sa dutse ko gutsuren bulo a kowace alama.

Yaro ɗaya duniya, ɗaya Mars, ɗaya kumbo, ɗaya mai gwangwani. Duk bugu ɗaya wata ɗaya ne, duniya da Mars kowa ya matsa alama ɗaya, duka su riƙa kewayawa hannun hagu, rana na hagunsu.

Ka bar su su fara faɗuwa. Ka jera duniya da Mars kusa da juna, ka ce wa kumbo ya miƙe inda Mars take tsaye, taku biyu a kowane bugu. Kafin ya isa, Mars ta yi gaba ta bar shi yana raba ido. Za a yi dariya. Wani zai ce to ya yi gudu mana. A nan za ka kawo maganar da ta fi wuyar shiga kai: kumbo tun yana ƙasa ba a tsaye yake ba. Duniya na gudun kilomita 30 a daƙiƙa ɗaya a kewayen rana, kuma duk abin da ya bar ta da wannan gudun yake barin ta. Wanda ya taɓa dirowa daga bayan a-kori-kura tana tafiya ya san gaba jikinsa ke yi, ko ya so ko bai so ba. In kumbo zai miƙe sak, sai ya fara kashe wannan gudun gaba ɗaya, kuma babu rokar da ke da man yin haka. Dabarar ita ce a ci moriyar gudun, a ƙara masa kaɗan, kewayen kumbo ya buɗe har ya taɓo hanyar Mars. Wani injiniyan Jamus, Walter Hohmann, ya fitar da lissafin wannan hanya a 1925, har yau da sunansa ake kiran ta.

Ga yadda za ka zana ta. Ka zaɓi alama ɗaya a hanyar duniya, ita ce tasha. Daga turken rana, ka auna mita 4 zuwa ɓangaren da ke kallon tashar ta baya, wato ɗaya gefen, ka kafa turke na biyu. Tasha, turken rana da turke na biyu su kasance a layi ɗaya, rana a tsakiya. Ka ɗaura bakin igiya ɗaya a turken farko, ɗaya bakin a na biyu, tsawon da ke tsakani ya zama mita 20 daidai. Ka saƙala sanda a cikin igiyar, ka ja ta ta miƙe, ka zana daga tasha kana bin hannun da duniya ke bi. Igiyar za ta riƙa zamewa a jikin sandar. In ka auna daidai, layin zai tashi daga hanyar duniya, ya riƙa buɗewa a hankali, ya je ya sumbaci hanyar Mars a can ɗaya gefen rana. Ranar da na fara ganin ya faɗa daidai kan tokar waje, ni kaina sai da na yi kabbara. In bai taɓa ba, igiyarka ce ta saki ko ƙullin ya ci tsawo, ka sake aunawa.

Tafiyar wata takwas da rabi ce, kwana 259. Ka sa alamomi a hanyar kumbo yadda tazarar farko za ta zama mita 4.5, tana raguwa kaɗan-kaɗan har ta ƙarshe ta koma mita 3, da rabin tazara a ƙarshe. Raguwar nan ba ado ba ce. Kumbo na nesa da rana yana rage gudu, kamar dutsen da aka jefa sama.

Yanzu ka tambaye su: ina ya kamata Mars ta tsaya lokacin tashi, don su haɗu? Kada ka ba su amsa. Ka tuna musu da kurciya. Za su gwada alama ɗaya gaba, kumbo ya riga ta isa. Za su gwada biyar, ta wuce ta bar shi. In suka sa ta alama uku gaba da saitin tasha, bugu na takwas da rabi zai haɗa su kafaɗa da kafaɗa. Masu lissafin gaskiya suna cewa digiri 44. Alama ukunmu 47 ce, ba mu yi nisa ba.

Akwai abu biyu da suka ɓuya a cikin tazarar nan, ka tono musu su. Duniya na yin mita 4.2 a bugu, kumbo ya fara da 4.5, wato ya ɗan fi ta gudu, ƙarin nan shi ne aikin roka a farko. A ƙarshe kumbo na yin mita 3, Mars na yin 3.3, gudunsu bai zo ɗaya ba, dole a sake kunna inji don Mars ta kama shi, in ba haka ba zai gifta ta ya ci gaba da kewaya rana. Tsakanin waɗannan biyun injin a kashe yake, in ban da ɗan gyaran saiti jefi-jefi. Yara sukan zaci wuta na fita a bayan kumbo wata takwas cur, kamar yadda mota ke shan mai daga nan har Legas. Mintuna ne kawai ake ƙona man, sauran duk gangara ce.

Sai ka ce kumbo ya makara, ba a gama ɗaure kaya ba. A ci gaba da bugu, a ƙirga sau nawa za a buga kafin Mars ta sake zama alama uku gaba da duniya. A filinmu za ka sami 25, saboda mun cike shekarar Mars zuwa 23. A sama kwana 780 ne, kusan wata 26. Kamar kasuwar Mai'aduwa ce, in ta wuce ka sai ta zagayo, illa dai ita wannan shekara biyu da ɗoriya take yi. Shi ya sa ƙasashe kan yi rububin harbawa a lokaci ɗaya. A Yulin 2020 kumbo uku suka tashi cikin kwana goma sha ɗaya: Amal na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Tianwen-1 na Sin, da na Amurka mai ɗauke da motar Perseverance. Suka isa ranakun 9, 10 da 18 ga Fabrairu 2021. Sun ɗan fi hanyarmu sauri, wata bakwai suka yi ko ƙasa da haka kaɗan, don sun ƙara mai sun yanke kwana.

In ajin masu kaifi ne, ka bar musu tambayar dawowa. Wanda ya isa Mars ba zai juya nan take ba, duniya ba ta inda zai same ta. Zaman jiran ya haura shekara ɗaya, zuwa da zama da dawowa ya tasar wa shekara biyu da wata takwas. Wata yarinya ta tambaye ni wa zai dafa musu abinci duk tsawon nan, kuma tambayar tata na cikin abin da ya hana a tura mutum har yau, tare da ruwa, iska da hasken rana mai cutarwa da babu abin da zai kare su daga gare shi.

Roka, a gurguje

Ka zura zare a cikin tsinken shan lemo, ka ɗaure zaren tsakanin bishiya biyu, ka hura balan-balan, ka manna ta a tsinken da salatif, ka saki bakinta. Za ta ruga. Abin da za ka gyara musu ɗaya ne: ba iskar waje take turawa ba, abin da ke cikinta take watsarwa baya, ita kuma ta yi gaba. Shi ya sa roka ke aiki inda babu iska. Wani malamin makaranta a Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, ya wallafa lissafin wannan a 1903, kuma nakan faɗi aikinsa da ƙarfi don ɗalibaina su ji malamin makaranta ne.

Matsalar ita ce mai ma nauyi ne, kuma sai an ƙona mai don a ɗaga mai. Kusan kashi tara cikin goma na nauyin roka mai ne. Saturn V da ta kai mutane wata ta kusa tan 3,000 a ƙasa, abin da ya dawo da su gida bai kai tan 6 ba. Don haka ake yin ta hawa-hawa, tankin da ya ƙare a yar da shi. Don kewaya duniya ana bukatar gudun kilomita 28,000 a awa, Daura zuwa Katsina a daƙiƙa 10. Don kuɓucewa daga janta gaba ɗaya sai 40,000, daƙiƙa 7 ke nan. Ina hawan wannan hanya duk wata, da shingaye da tsayawa a Mashi, shi ya sa misalin ke ba ni haushi da dariya lokaci ɗaya.

Tunda daga Faransanci muka taso, ka gaya musu Faransa ba daga ƙasarta ta Turai take harba rokokinta ba. Kourou take zuwa, a Guyana ta Faransa da ke Kudancin Amurka, digiri 5 arewa da layin da ya raba duniya gida biyu. A can juyawar duniya na ba roka kyautar gudun da ya haura kilomita 1,600 a awa in an harba ta gabas. Daga nan kumbon Juice na Turai ya tashi a Afrilun 2023, ana sa ran ya isa Mushtari a 2031. Shekara takwas, don ba shi da man zuwa kai tsaye, sai ya riƙa giftawa kusa da duniya da Zara yana aron gudu a wurinsu. Kamar mai keke ne da ya kama bayan tirela ta ja shi ya saki, kuma in ka ba da wannan misali ka haɗa da gargaɗi, don na san yaran garin nan. Da wannan aro Voyager 2, da aka harba a 1977, ya ziyarci Mushtari a 1979, Zuhal a 1981, Uranus a 1986, Neptun a 1989.

Saƙo ma tafiya yake yi

Ku koma fili na farko. Haske da saƙon rediyo gudu ɗaya suke yi, kilomita 300,000 a daƙiƙa. A ma'aunin ƙwallonmu bai kai santimita 5 a daƙiƙa ba, tafiyar cinnaka. Ka ba yaro takarda ya ja ƙafa da wannan saurin daga rana zuwa geron duniya, wani ya riƙe agogo. Minti 8 da daƙiƙa 20 ya kamata ya yi. Babu yaron da ya taɓa jurewa, ko yaushe sai sun yi sauri. Zuwa Mars saƙo kan ɗauki minti 3 in tana kusa, har 22 in rana ta shiga tsakani.

Ka rufe wa yaro ɗaya ido da ɗankwali, shi ne motar da ke Mars. Wani ya ba shi umarni daga nesa, amma ta bakin ɗan aike mai tafiyar cinnaka. Ka ajiye bokiti a gabansa. Kafin "tsaya" ta iso ya yi karo. Ranar da Perseverance ta sauka, saukar kanta kusan minti 7 ce, saƙo kuma minti 11 yake yi a hanya. Lokacin da injiniyoyi a Amurka suka ji ta shiga iskar Mars, ta riga ta sauka tun ɗazu. Kwamfutar cikinta ce ta yi komai.

Baba mai gadi ya saba tsayawa jikin katanga yana kallonmu. Wata rana ya ce, "Malam, su waɗannan da ke can sama, yaya suke gane lokacin salla?" Na ce, "Baba, tashar tasu minti 90 take kewaya duniya, rana na fito musu sau 16 a yini." Ya ce, "To ai sai su mutu da ruku'u." Na gaya masa Musulmi sun je, Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya a 1985, da wani likita ɗan Malesiya a 2007 cikin azumi, wanda malaman ƙasarsa suka tsara masa ya bi lokacin wurin da ya tashi daga ƙasa. Ya gyaɗa kai ya ce hakan ya yi. In irin wannan tambaya ta zo maka a tsakiyar darasi, ka amsa ta, tana cikin darasin.

Abin da za a rubuta da Hausa

Sai bayan duk wannan nake barin yara su fassara kalmar. Kumbo da ɗan sama jannati sun riga sun zauna a bakin mutane, ba sai an taɓa su ba. Mu kalma ɗaya ta ishe mu, su Faransawa kuwa sukan bambanta: Ba'amurke astronaute, na Rasha cosmonaute, nasu kuma spationaute, irin su Jean-Loup Chrétien da ya fara zuwa musu a 1982. Abin da ba mu da shi shi ne sunan fannin kansa. Wani yaro ya ce fataucin sama, saboda madugu ma sai ya duba lokaci da zango kafin ayari ya tashi. Ya burge ni, amma ba ciniki ake zuwa ba. Wata ta ce tuƙi tsakanin taurari, wadda ita ce fassarar kalma da kalma. Na ce mata ta dubi ƙwallon. Tauraro mafi kusa da rana, a ma'aunin nan, yana nisan kilomita 6,300, kusan ninki biyu na nan zuwa Makka. Voyager 1, da ya fi duk abin da aka ƙera nisa, bayan shekara 40 da ɗoriya yana tafiya wajen kilomita 4 kawai yake daga filinmu. Kalmar Faransancin ta yi alkawarin taurari, aikin da ake yi har yanzu tsakanin duniyoyi ne.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne ilimin tuƙa kumbo tsakanin duniyoyi. Shi ɗan ƙanwata ya goge amsar daren farko ya rubuta wannan, ya zana da'ira biyu da layin da ya haɗa su, ya manna ƙwayar gero a gefen shafin da salatif.

In ka gama, ka tattara kwalayen ka sa a gwangwani mai murfi, don ɓera da ƙwari ba su san Zara ba. Ɗinya kuma tana motsewa in ta bushe, Mushtari takan koma girman wake kafin zango na gaba, sai ka nemi sabuwa in lokacinta ya zo, ko ka mulmula yumɓu daidai santimita biyu ka shanya.